Ranar da Muka Kwance Gidan Gwamnati

Ina shanya a igiyar da ke bayan kicin na ji warin fenti. Tun da muka tare ba wanda ya yi fenti a layinmu, kuma warin ba na sabon ɗaki ba ne, irin mai hawa kan nan ne. Hancina ya riga ni gane shi. Na leƙa ta gefen bango da jiƙaƙƙen zane a hannuna yana ɗiga a ƙafata, sai ga maza biyu cikin riguna masu ƙyalli irin na masu aikin titi, ɗaya da gwangwani, ɗaya da buroshi. Mai buroshin ya ja layi ja a bangonmu, ya gitta shi da wani, ya rubuta wasu lambobi a ƙasa, ya goge hannu a wando. Can bakin get ɗin kwatas kuwa katafila ce a tsaye, rawaya, ta kwantar da bakinta a ƙasa.

Da macen da ta tashi a wata unguwa ce, fitowa za ta yi ta ce, "Sannunku da aiki, lafiya dai?" Ni a Karmo na tashi. A Karmo ba a gaida mai jan fenti, ba a tambayarsa, ba a ma bari ido ya haɗu da nasa, kada ya riƙe fuskarka ya fara da kai. Na saki zanen, na shige ciki, na murza mukulli, na durƙusa a gindin taga ina leƙensu ta gefen labule har suka haura sama suka sha kwana.

Ina firamare aka yi mana rusau na farko da nake iya tunawa. Abin da na koya ranar ban koyi kamarsa ba har na gama sakandare. Wanda ya tsaya kuka da roƙo, katafila ta haɗa da kwanonsa da ƙyaurensa ta murƙushe. Wanda ya san kansa kuwa, da ya ga ja a bango sai ya hau rufi. Bulo ba ya ɗaukuwa, amma kwano da katako da ƙyaure da taga da wayar lantarki duk suna iya bin mai su. Kafin katafila ta iso sai ta tarar da bango tsirara. In sun tafi a matsa gaba kaɗan a sake kafawa. A kwance gida dai ba na jin akwai wanda ya kamo ƙafar mutanenmu a duk faɗin Abuja.

Wannan gida na Kurudu kuwa ba irin wancan ba ne, ko in ce haka aka gaya mini. Maigidana direba ne a wata ma'aikata. Tun kafin ya san ni ake yankar wani abu a albashinsa da sunan asusun gidaje, shi kuwa ya ɗauka sadaka ce yake yi wa gwamnati. Sai ga shi bayan aurenmu an kira shi an ce ya samu gida a sabon kwatas, ɗaki biyu da falo, za a ci gaba da yanka a albashi a hankali har ya zama namu. Ranar ba da mukulli an yi dogon jawabi a lasifika da Turanci. Ina jin Turanci daidai gwargwado, amma ranar hankalina yana kan tayil. Ban taɓa kwana a ɗakin da ake goge ƙasansa da tsumma ba. Wata na farko sai da na riƙa cire takalmi tun daga waje kamar zan shiga masallaci.

To, ga ja a bangon wannan gida.

Na kira maigidana, bai ɗauka ba. Na san ba zai ɗauka ba, sun yi tafiya da ogansa, kuma in yana tuƙa oga ko gobara ce sai an tsaya. Maƙwabta babu. Kwatas ɗin ma'aikata da rana ko kaza ba ka ji, kowa ya tafi ofis. Maigadi yana bakin get, amma katafila ma tana bakin get. Sai na kira Inna, mahaifiyata.

"Inna, sun shafa."

Ba ta tambayi abin da aka shafa ba. Ta ce, "Ja?"

"Ja."

"Katafila fa?"

"Tana bakin get."

"Innalillahi. Kada ki tsaya mini kuka. Fara fitar da katifa. Ga mu nan."

Kafin azahar sun iso a bayan wata a-kori-kura mai ɗauko kayan marmari daga Zuba, duk jikinsu warin abarba. Inna ce, da Kawu ƙaninta wanda kafinta ne, da wasu ƙawayenta biyu da suka ce taimako suka zo, ko da yake na san tun tuni suke neman dalilin zuwa ganin gidan. Inna ba ta ko amsa gaisuwata ba, bangon ta nufa. Ta dangwala yatsa, ta shinshina, ta girgiza kai kamar likitan da ya ga abin da ya fi ƙarfin allura.

Ɗaya daga cikin ƙawayen ta ce, "Amma ba an ce gwamnati ce ta gina ba?"

Inna ta ce, "Ita gwamnatin mutum ɗaya ce? Wannan ofis ya gina, wancan ya rushe, ko gaisawa ba sa yi. Ke dai kama mata akwati."

Abin da ba zan manta ba, Kawu murna yake yi. Yana ta cewa Allah ya isa, amma idonsa yana ƙyalli. Ya daɗe bai samu gida mai kyau irin wannan ya kwance ba. Ya shafa ƙyauren ƙarfen falo ya ce, "Kai, aiki ya yi aiki. Ko tsatsa babu." Ya ɗaga shi cak daga maƙalarsa, shi da direban motar suka jingine a waje. Ya bi ƙofofin ɗakuna, ya zare gilasan tagogi, ya sauke fanka, ya kwance sinki da kawunan famfo. Matan suna naɗe gilasai da zannuwana suna yaba labule. Ni kuwa ina ta zarya da tukwane ina kuka ina leƙen get, duk ƙarar da na ji sai in ce an tayar da katafila.

Sai da ya shiga bayi ya tsaya yana kallon tangaran ɗin zama yana shafa gemu na ce, "Kawu, don Allah wannan dai a bar musu."

Ya ce, "Ke yarinya ce. Kin san nawa ne wannan a kasuwa?"

Allah ya taimake ni siminti ya riƙe shi gam. Haushin haka ya sa ya hau rufi. Kafin in gama haɗa kwanuka, rana ta faɗo mini a tsakiyar kicin.

Inna ta ce a fara tafiya da ƙyauren falo, don shi ɓarayi suke fara sungumewa in rikici ya ɓarke. Aka kwantar da shi a bayan motar, aka ɗora kujeru a kai, direba ya kama hanyar Karmo. Na bi motar da kallo har ta wuce ta gefen katafila, na ji daɗi a raina cewa ko ba komai mun tsira da wani abu.

Ba a jima ba muka ji wata murya ta ce, "Ɓarayi! Da rana tsaka!"

Wata doguwar mata ce da laima, cikin siket da riga na atamfa, a bayanta wani mutum mai farar hular kwano. Na gane ta. Ita ce mai kula da kwatas ɗin daga ofishin gidaje, ita ta miƙa mana mukulli, kowa Madam yake ce mata. Ba Bahaushiya ba ce, Hausarta irin ta Abuja ce, amma ba ka buƙatar mai fassara. Ta ciro waya tana neman lambar 'yan sanda. Kawu ya daskare a kan rufi da fallen kwano a hannu.

Inna ta sha ɗamara ta tare gabanta. "Ba ɓarayi ba ne, masu gida ne. Riga ku muka yi."

"Kun riga mu me?"

"Ku shigo da katafilarku. Ga bango nan mun bar muku, ku ci."

Madam ta kalli Inna, ta kalli gidan da ba taga ba ƙofa, ta kalli jan da ke bango. Mai hular kwanon, wanda ashe injiniya ne, shi ya fara ganewa. Ya fara dariya a hankali, ta ƙwace masa, sai da ya cire hular ya dafa bango. Madam ko murmushi ba ta yi ba.

Ta ce, "Mama, lambatu ne. Lambatu za a haƙa."

Injiniyan ya share hawaye ya yi mana bayani. Gidanmu ne na ƙarshe a gangare, duk ruwan layin nan yake taruwa, in aka bar shi zai ci gindin ginin. Shi ne aka ba da aikin magudana kafin damina. Jan yana nuna inda za a fara haƙa, katafilar kuma haƙar ta zo yi. Ya ce, "Hajiya, don kada gidan ya faɗi aka shafa."

Na zauna a kan katifa a tsakiyar titi. Daɗin da na ji bai kai tsawon hamma ba, don Madam ta juyo kaina.

"Kai ne matar gida?"

"Ni ce."

"Ranar ba da mukulli ba ka zo ba? Ba an ce har a gama biya, ba a cire ko ƙusa ɗaya? Ba a canza, ba a sa haya, ba a taɓa komai. Wanda ya yi, ni zan kai rahoto, ofis zai iya karɓe gida ya ba wani. Mutane nawa suna jira, ka sani?"

Tsoron safe wasa ne a kan wannan. In katafila ce ta rushe, ka samu wanda za ka yi wa Allah ya isa, mutane su zo jaje, a ce ƙaddara. Wannan kuwa da hannuna. Na hango maigidana ya dawo daga tafiya, mutumin da aka yi shekara da shekaru ana yankar albashinsa, ina gaya masa wai gida ya tafi saboda na kira Inna.

Inna kuwa, wadda ɗazu take cewa a zo a ci bango, sai ga ta a durƙushe. "Ranki ya daɗe, yarinya ce. Wallahi sai da na ce mata ta bari a tambaya."

Na ce, "Inna!"

"Yi mini shiru, manya suna magana."

Kawu ya leƙo daga sama ya ce, "Ni dama gyara na hau yi, Madam. Yoyo yake."

Madam ta ce, "Rufin da ruwa bai taɓa duka ba yana yoyo?"

"Alamarsa na gani."

Injiniya ya sake dafa bango. Madam ta rufe laimarta, ta buɗe. Can ta ce, "Ni zan zaga sauran layi da injiniya. Kafin na tashi aiki zan dawo nan. Abin da idona ya gani, shi zan faɗa a ofis."

Ba ta kai ƙarshen layi ba guduma ta fara tashi a kan rufi. Nan na tuna ɗaya rabin sana'armu, don wanda ya saba kwancewa dole ya iya mayarwa, in ba haka ba a waje zai kwana. Sai dai a Karmo ba wanda yake zuwa duba ko ka mayar daidai. Ƙawayen Inna suka kaure da gardama a kan gilashin da ya fito daga ɗaki da wanda ya fito daga falo. Aka sa ƙofar bayi a ɗakin kwana, aka ga ba ta kai ba, aka sake cirewa. Kawu ya mayar da famfon kicin, aka buɗe, ya yi masa wanka. Aka nemi ƙusoshin fanka sama da ƙasa, har na fara tona shara da hannu, ashe suna ƙulle a haɓar zanen Inna, ta ɓoye su don kada su ɓace, ta manta.

Ni aikina waya. Na kira direban a-kori-kura na ce ya juyo. Ya ce ya shige gosulo bayan Karu, babu wurin juyawa sai gaba. Na sake kira ya ce ya juyo. Daga nan duk kiran da na yi amsa ɗaya ce, "Ga ni nan kusa, Hajiya." Aka yi la'asar yana kusa. Rana ta yi sanyi yana kusa.

Ana cikin haka maigidana ya kira.

"Na ga kiranki da yawa, lafiya?"

Guduma tana tashi a kaina. Na toshe wayar da hannu na ruga bayan kicin. "Lafiya lau. Ka ci abinci?"

"Wane buge-buge nake ji?"

"Aikin lambatu ake mana."

"Alhamdulillah," in ji shi, "gwamnatin nan tana ƙoƙari."

Ma'aikata suka fara dawowa daga ofis. Kowa ya rage gudun mota ya kalle mu, ya ce sannu da aiki, ya shige gidansa ya ɗaga labule. Zuwa lokacin gida ya koma gida. Rufi ya rufu, gilasai sun hau, katifa ta koma ɗaki, na goge sawun ƙafar Kawu a tayil. Saura bakin falo a buɗe. Inna ta ce a rataya labule mai kauri, wataƙila Madam ba za ta lura ba. Kawu ya ja ni gefe ya nuna gidan da ke kallonmu, wanda ba a tare ba tukuna.

"Ƙyaurensu iri ɗaya ne da naki. Ba kowa a ciki. Aro ne kawai, gobe a mayar."

Ihun da na yi sai da ya saki guduma.

Madam ta dawo ita kaɗai. Ta shiga ba sallama, don babu abin da za ta ƙwanƙwasa. Ta kunna fanka ta kashe. Ta buɗe famfo. Ta tura kowane gilashi ta dawo da shi. Ta tsaya a kicin ta daɗe tana kallon sama. Muna biye da ita a jere kamar masu rakiyar gawa. Sannan ta dawo ta tsaya a bakin falo, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje.

"Ina ƙofa?"

Inna ta kalli Kawu, Kawu ya kalli ƙawayen Inna, su kuma suka kalle ni.

Na ce, "Tana hanya."

"Ƙofa yana hanya."

"Ta tafi Karmo, amma ba ta kai ba. Tana dawowa."

Ta duba agogonta. Na tabbata a raina shi ke nan. Sai ta ce a ba ta kujera. Kujerun ma suna hanya, sai Inna ta kifa mata turmi ta shimfiɗa ɗankwali. Ta zauna a bakin ƙofar da babu, laima a cinya, muka tsaya mata a kai.

Ta dube ni ta ce, "Me ya sa ba ka tambayi masu fenti ba?"

Na ce, "A wurinmu ba a tambaya."

"Sau nawa an rushe muku?"

Na fara ƙirgawa da yatsu. Inna ce ta karɓe, ta shiga ba ta labari da hannu da ƙafa, har da inda ta taɓa gudu da ƙyaure a ka da goyo a baya. Goyon ni ce. Madam tana ji tana juya laimar.

Ana shirin kiran magariba muka ji hon. A-kori-kura ta shigo layin tana tangaɗi, kujeruna a sama ƙafafu a sama, direba ya leƙo yana washe baki ya ce, "Ba na ce ina kusa ba?" Ba wanda ya kula shi. Kawu da shi suka kinkimo ƙyauren, Kawu ya yi bisimilla ya zaunar da shi a maƙalarsa, ya tura, ya rufu. Ya miƙa hannu zai karɓi mukulli ya gwada, Madam ta ce a'a.

"Matar gida zai yi."

Na ɗauko mukullin. Na kai shi bakin ramin ya zame, na sake ya zame. Sai na ji ta kama wuyan hannuna ta riƙe, ba da ƙarfi ba, har ya shiga. Na murza, ya kulle. Ta ce in buɗe, na buɗe.

Ta miƙe ta kakkaɓe siket. Na ga tafiya za ta yi ba ta ce komai ba, na bi ta har titi.

"Madam, za a karɓe?"

"A karɓe me? Ni gida na gani, da ƙofa, da taga."

"Katafilar fa, gobe..."

"Gobe zai yi ƙara sosai a gindin bango. Kada ka kira Mama." Ta juya ta kalli Inna, sannan a karon farko ta yi dariya, gajeriya. Ta dafa kafaɗata ta ce, "Ji nan, ƙanwata. Gwamnati ba ya rushe gidan da bai gama karɓar kuɗinsa ba. Gidanka ne. Shiga ka kulle."